ANA AUNA BAIWA DA MUDU?

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta tashi a ɗakin kwananmu, bayan da aka yi mana darasi bisa jarrabawar awon basira, watau tambayoyin nan da Turawa suka shirya don su san iyakar kaifin ƙwaƙwalwar mutum. Waɗansu daga cikinmu suka ce ai magana ta ƙare, tun da an sami ma'auni, sai a auna yara tun suna ƙanana, a ware masu baiwa a tsaya a kansu, sauran kuwa kada a wahalad da malami a banza. Har wani ya kawo karin magana, wai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ni ban yarda ba, amma a daren nan ba ni da hujja a hannu, sai na yi shiru. Yanzu na bincika, ga kuwa abin da na gani. Jarrabawar nan mudu ce mai amfani, amma abu guda aka sassaƙa ta ta auna, baiwa kuwa ba ta shiga cikinta. Mu da za a ba ajin yara nan gaba kaɗan, wajibi ne mu san iyakarta, domin kuskurenmu ba a kanmu zai faɗa ba, a kan 'ya'yan mutane zai faɗa.

Bari mu fara da asalin abin. A shekarar 1904 Gwamnatin Faransa ta kafa kwamiti don ya duba al'amarin yaran da karatu ke yi wa wuya a makarantu. Wani masani mai suna Alfred Binet, da abokin aikinsa likita Théodore Simon, suka shirya tambayoyi da 'yan ayyuka guda 30, suka fitar da su a 1905. Daga mai sauƙi ake farawa har a kai mai wuya: a sa yaro ya faɗi sunan abin da ke cikin hoto, ya maimaita lambobin da aka faɗa masa, ya gane wanda ya fi nauyi cikin abubuwa biyu, ya faɗi bambancin abu kaza da abu kaza. Nufin Binet shi ne a gano yaron da ke bukatar taimako, a taimake shi. Bai ce ya auna wani abu da aka haifi yaro da shi wanda ba ya ƙaruwa ba. A cikin littafin da ya rubuta a 1909 ma ya yi tir da masu cewa basirar mutum a tsaye take wuri ɗaya, ya kuma shirya darussa na horar da hankalin yaran da suka koma baya. Ya rasu a 1911.

Bayan rasuwarsa da shekara guda wani Bajamushe, William Stern, ya kawo dabarar raba shekarun hankalin yaro da shekarun haihuwarsa. Sa'an nan Lewis Terman na Jami'ar Stanford a Amurka ya gyara tambayoyin Binet a 1916, ya riɓa sakamakon rabawar nan sau 100. Daga nan aka sami lambar da ake taƙaitawa da haruffa biyu, IQ. Misali, yaro ɗan shekara 8 da ya amsa tambayoyin 'yan shekara 10, lambarsa 125 ke nan. A yanzu an bar wannan lissafi, ana gwada mutum da tsararsa ne, a mai da tsaka-tsaki 100, kuma kashi biyu cikin uku na jama'a suna faɗawa tsakanin 85 da 115. To, ku duba yadda abu ya juya. Abin da aka yi don a miƙa wa na baya hannu, da ya ƙetare teku sai ya zama abin jera mutane sahu-sahu, a ce wannan sama, wancan ƙasa.

Terman ya gaskata cewa da wannan mudu zai iya tsinto manyan gobe tun suna yara, bai kuwa tsaya ga faɗa da baki ba, ya gwada. A 1921 ya sa malaman makarantun Kalifoniya suka zaɓo yaran da suke gani sun fi kaifi, aka auna su, aka ɗebi wajen 1,500 waɗanda lambarsu ta kai 135 ko ta wuce, aka yi ta bin labarinsu har tsufansu. Me aka samu? Gaskiya mafi yawansu sun yi kyau. An sami likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da marubuta a cikinsu, kuma an ƙaryata zancen da ake yi a da, wai yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa cuta ba ta barinsa, ko kuwa hauka ne ƙarshensa. Amma ko ɗaya daga cikinsu bai sami kyautar Nobel ba. Masu rubuta tarihin binciken sun ruwaito cewa akwai yara biyu da aka auna aka bar su baya don lambarsu ba ta kai ba, William Shockley da Luis Alvarez. Shockley ya sami Nobel a 1956 tare da abokansa biyu, saboda aikin da ya haifar da tiransisto, wanda ke cikin kowace rediyo da kowace wayar hannu. Alvarez ya sami tasa a 1968. Mai komar ya jefa, ya kama kifaye masu kyau, amma manyan biyu sun bi ta gefe.

Har wa yau akwai wani darasi a cikin binciken nan. Da yaran suka girma, sai Terman da mataimakiyarsa Melita Oden suka ware mazan da suka fi cin nasara a rayuwa, da waɗanda suka fi komawa baya, suka gwada su. Tazarar lambar basira tsakanin ɓangarorin biyu ba ta taka kara ta karya ba. Inda suka rabu shi ne naci bisa aiki, da sanin abin da mutum ya nufa, da yarda da kai, da irin gidan da aka tashi, ko akwai ilmi da littattafai a cikinsa. Duk waɗannan kuwa babu wanda takardar jarrabawa ta sa'a guda ke tambaya.

Iyaka ta biyu ita ce, tambaya ba ta faɗowa daga sama, mutum ne ke shirya ta, daga cikin abin da ya sani a gidansu. Sa'ad da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko a 1917, wani masani Robert Yerkes da jama'arsa suka auna soja kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da hamsin. A cikin tambayoyin akwai sunayen kayan kanti da na 'yan wasan ƙwallo na Amurka. Waɗanda ba su iya karatu ba aka ba su hotuna su cika abin da ya ɓace, kamar filin wasan tanis da ba a zana masa raga ba. Manomin da ya zo daga ƙauyen Italiya ko na Rasha jiya-jiya, ina ya taɓa ganin filin tanis balle ragarsa? Baƙi suka sami lamba ƙasa, aka ce ai jininsu ne haka. Alhali lissafin da kansa ya nuna cewa gwargwadon daɗewar baƙo a Amurka, gwargwadon hawan lambarsa. Wani malami, Carl Brigham, ya rubuta littafi a 1923 yana ɗaukaka waɗansu kabilu bisa waɗansu da wannan hujja. A 1930 ya fito da kansa ya janye maganarsa, ya ce ba ta da tushe. Ya kyauta da ya janye, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta shiga kunnuwan jama'a.

Ga wani labari daga nan Afirka ta Yamma. Bayan 1960 waɗansu masana daga Amurka, Michael Cole da John Gay da Joseph Glick, suka yi bincike cikin kabilar Kpelle ta ƙasar Laberiya. Suka baza kaya iri huɗu, abinci da kayan aiki da mazubai da tufafi, suka ce wa manoma su haɗa kowane da ɗan'uwansa. A ƙa'idar masu jarrabawa, amsar mai basira ita ce a tara abinci wuri ɗaya, kayan aiki wuri ɗaya. Manoman kuwa sai su ajiye wuƙa kusa da lemo, fartanya kusa da dankali, su ce haka mai hankali zai yi, gama da wuƙa ake yanka lemo. Glick ya ba da labari cewa da abin ya ishe su sai aka tambayi mutanen, to, yaya wawa zai haɗa su? Nan take suka jera kayan kashi huɗu daidai yadda Turawan ke so. Ashe sun san amsar tun farko, ganinta suke yi wauta ce. Wa aka auna a wannan rana, manoman ko masu awon?

Iyaka ta uku, lambar nan ba a tsaye take ba. Wani masani a Niyu Zilan, James Flynn, ya tattara sakamakon ƙasashe 14, ya nuna a 1987 cewa a cikin ƙarni na 20 lambar jama'a ta yi ta hawa, wajen maki 3 kowace shekara goma. In an bi wannan lissafi, sai a ce kakannin Turawan yau dolaye ne, alhali su ne suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa suka ƙera jirgin sama. Jinin mutane ba ya sakewa cikin shekara 50. Abin da ya sake shi ne yawan makarantu, da abinci, da lafiyar yara, da sabawa da irin tunanin da jarrabawa ke so. Wani bincike da ya haɗa sakamakon mutane fiye da 600,000, wanda aka buga a 2018, ya nuna cewa ƙarin shekara guda a makaranta yana ƙara wa mutum maki 1 zuwa 5. Wannan magana tamu ce, mu malaman gobe. Abin da mudun ke aunawa, da hannunmu ake zuba wani sashe nasa.

To, mene ne baiwar da muke magana a kanta? A ganina hawa uku ne. Akwai wayo, wanda ke fid da mutum daga wuya yau. Akwai hazaƙa, watau saurin fahimta da riƙe abin da aka koya, ita ce jarrabawar nan ke iya kamawa. Sa'an nan akwai baiwa, wadda mai ita ke kawo abin da babu shi a da, har waɗanda suka zo bayansa su tarar hanya ta sake. Jarrabawa kuwa ba ta iya tambaya sai abin da mai shirya ta ya riga ya san amsarsa, ya rubuta ta a takarda ya ajiye. Ta yaya za a sa wa amsar da ba a taɓa ji ba maki? Mai hazaƙa yana amsa tambayar da aka yi masa da sauri. Mai baiwa sau da yawa tambayar da ba wanda ya yi ita ce ta hana shi barci shekara da shekaru.

Ku dubi Srinivasa Ramanujan, wanda aka haifa a kudancin Indiya a 1887, ɗan talakawa. Yana wajen shekara 16 ya sami wani tsohon littafin lissafi mai ɗauke da ƙa'idodi dubbai, ya duƙufa a kansa har ya manta da sauran darussa. Saboda haka ya faɗi jarrabawar kwaleji, aka yanke masa kuɗin tallafi, ya sake shiga wata kwaleji ya sake faɗi. Ba jarrabawar awon basira ce ta kā da shi ba, ta kwaleji ce, amma cutar ɗaya ce, watau a tara makin fannoni dabam-dabam a fitar da hukunci guda, sai tudun da ya fi kowane tsawo ya ɓace cikin kwari. Ya zama akawu a ofishin tashar jiragen ruwa ta Madaras a 1912. Takarda ta yi masa tsada, a kan allo yake lissafinsa yana shafewa, sakamakon kaɗai yake kwafewa cikin littafi. Ya rubuta wa manyan malamai biyu na Kambirij, bai sami biyan bukata ba. A watan Janairu 1913 ya rubuta wa na uku, G. H. Hardy. Shi kuwa ya zauna da abokinsa Littlewood suka duba takardun akawun nan da ba shi da digiri, suka gane abin da ke ciki. Aka kawo shi Ingila a 1914, a 1918 aka zaɓe shi cikin Ƙungiyar Masana ta Sarki, wadda ita ce ƙololuwar daraja ga masu ilmin kimiyya a can. Ya koma gida da ciwo, ya rasu a 1920 yana da shekara 32. Har a 1976 an sake tsintar waɗansu takardunsa a ɗakin karatu na Kambirij, masana kuwa suka shafe shekaru suna warware abin da ke cikinsu.

Me muka koya daga wannan? Baiwa ba ta tafiya ita kaɗai. Tana bukatar kaifin ƙwaƙwalwa, babu musu, amma tana bukatar son abu har ya zama kamar ciwo, da haƙurin mai dafa dutse, da kuma wani wanda zai buɗe ƙofa. Da Hardy ya jefa wasiƙar nan cikin kwandon shara, da mai yiwuwa akawun ya mutu akawu. Haka Michael Faraday na Ingila, ɗan maƙeri, wanda bai yi makaranta mai zurfi ba. Yaron mai ɗinkin littattafai ne, yana karanta abin da aka kawo ɗinki, har Humphry Davy ya ɗauke shi aiki a 1813, a 1831 kuwa ya gano yadda ake samun lantarki daga maganaɗisu, abin da injinan wuta ke aiki da shi har yau.

Kada a ce na ƙi gaskiya don na ci gardama. Abokaina suna da hujja, zan kuwa faɗe ta. Jarrabawar da aka shirya da kyau, cikin harshen yaro, tana faɗin yadda zai yi a makaranta fiye da yadda duban fuska ke faɗi. Tana iya tono ɗan talaka mai shiru wanda malami bai kula da shi ba, don rigarsa ba ta da kyau ko don ubansa ba kowa ba ne. Idon malami ma mudu ne, yakan kuwa yi son kai, takarda ba ta san ɗan sarki ba. Kuma likitoci suna amfani da ita su gane yaron da ke bukatar kulawa ta musamman, wanda shi ne nufin Binet tun farko. Duk na yarda. Inda na tsaya shi ne, jarrabawa tana faɗin gaskiya bisa taron yara dubu, amma tana iya yin kuskure bisa yaro guda, malami kuwa da yaro guda-guda yake aiki. Tana faɗin inda yaro yake yau, da yunwar da ya kwana da ita, da zazzaɓin da ya tashi da shi, da tsoron baƙon da ke tambayarsa. Ba ta san inda zai kai ba.

Ni kaina na taɓa faɗawa cikin ramin nan. Lokacin da aka tura mu gwajin koyarwa, akwai wani yaro a ajina wanda ba ya iya lissafin da na rubuta a allo, har na sa masa alama cikin littafina cewa ba shi da fahimta. Ran kasuwa na tarad da shi a rumfar ubansa yana sayad da goro. Mutane uku suna ciniki lokaci guda, yana haɗa kuɗin kowa da ka, yana ba da canji, ni kuwa ina tsaye ban gama lissafin na farko ba. Kunya ta kama ni. Lissafin yana cikin kansa, ni ne na kasa gina masa gada daga rumfa zuwa allo. Daga baya na karanta cewa an ga irin wannan a birnin Recife na Barazil, cikin wani bincike da aka buga a 1985, inda yara masu talla suka ci kusan dukan lissafin da aka yi musu wajen ciniki, amma da aka rubuta musu shi a takarda ba su ci ko rabi ba. Ku tuna kuma da ɗan Fulanin da ya san kowace saniya cikin garke da kamanninta da uwarta, da gwanin tsangaya mai rubuta Alƙur'ani duka da ka. Wace tambaya ce cikin takardun nan ta san da zamansu?

Saboda haka ga shawarata gare mu. In an ba mu jarrabawa mu yi wa yara, mu yi ta da gaskiya, amma mu karanta sakamakon kamar yadda likita ke karanta ma'aunin zafin jiki, don a san inda za a sa magani. Kada mu faɗa wa yaro lambarsa kamar an yanka masa ragon suna da ita, kada kuwa kalmar daƙiƙi ta fito daga bakinmu ko alƙalaminmu, gama yaro yakan zama abin da babba ya kira shi. In yaro ya faɗi, mu tambayi kanmu ko ya ji harshen da aka yi tambayar, ko ya ci abinci, ko idonsa na ganin allo. In mun ga wanda ya haukace bisa abu guda, ko zane, ko ƙira, ko lissafi, ko waƙa, kada mu kashe masa shi don ya kasa a wani fanni, mu nema masa littafi, mu haɗa shi da wanda ya fi mu sani. Wanda ya ci lamba babba kuma mu gaya masa cewa jari aka ba shi, ba riba ba, sai ya yi aiki tukuna.

Mai yiwuwa ne a dukan shekarun aikinmu ba za mu sadu da mai baiwa irin Ramanujan ko sau ɗaya ba. Amma ba mu san ranar da zai shigo ajinmu ba, ba mu kuwa san rigar da zai sa ba, don haka babu mafita sai mu riƙe kowane yaro kamar shi ne. Ga abokina mai karin maganar Juma'a da Laraba kuwa, ina tuna masa da wata, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. In yana da amsa, fili na nan a fitowa ta gaba, zan karanta da murna.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amanar 'ya'yan jama'a, amin.